Ciyawar Kabarin Uwar Pyo

Zuwa ga jikana, ɗan kwikwiyona Tae-ung,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya babanka da ƙafarsa? Barkono ya nuna? Ni lafiya lau nake a Toronto wurin gwaggonka. Da rana tukunyar shinkafa nake yi wa hira, amma kada ka faɗa wa kowa.

Jiya sai ga busasshen kifi daga Pyo mai kantin taki, wanda ya shekara ashirin bai gaishe ni ba. Har da takarda: "Uwarmu, ikilisiya na kewarki." Na ce, to, zaɓen dattawan ikilisiya ya matso, yana neman kujera, ya kuma san matan coci ni suke tambaya wa za su zaɓa.

Manzo Bulus ya ce wanda bai iya riƙe gidansa ba, yaya zai kula da ikilisiya? Bikin girbi na Chuseok ya kusa, kowa na yanke ciyawar kabarin iyayensa. Ka hau tudun makabarta kafin Lahadi, ka duba na uwar Pyo. In an gyara, ka bincika wa ya riƙe lauje. In matarsa ce ita kaɗai, kamar bara, ka gaya wa matan nan sunanta za su rubuta a takardar zaɓe.

Allah ya tsare ka. Ka riƙa cin abinci, tsinke.

Kakarka,
Ok-bun