Takalman Inna da Wiwin Yaya Bala

Daren Talata, Ƙofar Jatau.

Ni, Farfesa, shugaban likitocin fiɗa na ƙasar Zazzau kaf, yau na ceci rai!

Mun raka Yaya Bala asibiti kan aikin rage masa tumbi, tunda ƙiba ta hana shi ko ruku'u. Inna ta tuɓe takalmanta a ƙofar ofishin likita kamar mai shiga zauren malam.

Likita ya tambayi Yaya ko yana shan wiwi. Ya ce dole ya sani, don allurar barci ba ta kama mai sha yadda take kama kowa, ana iya samun matsala ana tsakiyar aiki. Yaya ya saci kallon Inna ya ce, "Subhanallahi, ni?"

Ni kuwa na san kangon da yake laɓewa yana sha bayan la'asar. Amma wa zai amsa wannan a gaban mahaifiyarsa?

Na sulale na cusa takalman Inna bayan kwandon shara, na dawo a guje. "Inna, an ɗauke takalmanki!" Ta fita tana salati.

Na ce, "Yaya, ko ka faɗa ko in faɗa."

"Ɗan banza," in ji shi. Sai ya sunkuyar da kai. "Likita, ina ɗan taɓawa."

Likita bai yi faɗa ba. Ya ɗage aikin sai Yaya ya daina. Wallahi kamar in yi guɗa!

To, ba wani Farfesa. Ni Iliya ne, ɗan makarantar allo, wanda ya tako gida ba takalmi, don mai shara ya riga ni zuwa kwandon, Inna kuma ta saka nawa.