Kafin 'Yar Baffanku Ta Haihu

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Ni mahaifinku ne nake rubuta wannan da hannuna, a kan gadon asibiti, da rana tsaka, hankalina a jikina yake sarai. Ba zazzaɓi, kuma ba a ba ni komai mai sa gyangyaɗi ba. Sai da na tambayi nas ɗin ɗakinmu kafin in ɗauki biro, ta ce in dai yawan tambaya ne alamar hankali, to nawa har ya yi yawa. In kun ga layi ya karkace, laifin teburin gefen gado ne, ƙafarsa ɗaya ba ta taɓa ƙasa.

Jibi da safe za a shiga da ni a cire ƙodar nan da ta kumbura. Likitoci sun ce aikin ba baƙonsu ba ne, na kuma yarda da su. Amma Baffanku ma da ƙafarsa ya shiga, yana yi mana dariya. Na fara takardar nan na yaga, na sake farawa na yaga, don na kasa sanin abin da zan sa a gaba. Yanzu na bar ta ta zo yadda ta zo. Ke Babba, ke za ki karanta wa ƙannenki, Mamanku tana zaune.

1. Duk ranar da likita ya tambaye ku ko akwai wani ciwo a danginku, kada ku ce lafiya lau. Mu a gidanmu haka muka taso: mutum yana kwance ba ya iya ɗaga kai, in an gaishe shi sai ya ce da sauƙi, wanda ya rasu kuma ba a tona yadda ya rasu, sai a ce kwana ne ya ƙare. Da likitar da za ta sa ni barci a ɗakin tiyata ta yi mini wannan tambayar, ni ma na ce babu komai, kuma har ga Allah ban ɗauka ƙarya na yi ba. Ita kuwa tana riƙe da takardar gwajin bugun zuciyata, mai zane kamar haƙoran zarto, tana auna wani wuri da ɗan ma'auni. Sai ta ja kujera ta sake tambayar ta wata hanya: ko akwai wanda ya taɓa faɗuwa don an razana shi, ko wanda ya iya ruwa amma ya nutse, ko wanda aka sa barci don ƙaramin aiki bai farka ba. Duka ukun akwai. Kakarku, mahaifiyata, ta faɗi ne a tsakar gida da iska ta buga ƙofar ƙarfe, ba ta ƙara tashi ba. Ɗan ƙanwarta, wanda ya fi kowa iyo a cikinmu, a ruwan da bai kai masa ƙirji ba aka tsamo shi. Na uku kun san shi, Baffanku ne.

2. Ga abin da aka bayyana mini, yadda na fahimta, kuma mai yiwuwa na kuskure wani wuri, don karatuna a sakandare ya tsaya. Zuciya da ɗan lantarki take aiki. A jikin ƙwayoyin halittarta akwai wasu ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani, waɗanda wani irin gishiri na jiki yake fita ta cikinsu bayan kowane bugu, don zuciya ta koma daidai kafin bugu na gaba. Namu ƙofofin suna da nawa. Zuciyar ba ta gama shiryawa da wuri, to in razana ko wani magani ya zo mata a wannan ɗan tsakanin, sai bugun ya rikice. Ni da na yi rayuwata ina naɗa wayar tagulla a injinan fanka da famfo, na ɗauka zan gane nan take. Ban gane ba sai da likitar ta zana mini a bayan ambulan ɗin wasiƙa. Abin gado ne, kowane ɗa zai iya ɗauka, zai iya tsallakewa. Kuma yana da magani. In likitoci sun sani tun kafin aiki, sukan canza irin magungunan da za su ba mutum, su gyara gishirin jininsa, su sa ido a kan allon zuciya tun daga farko har ya farfaɗo, su ajiye na'urar da ke dawo da bugu a kusa. Ni duk an shirya mini wannan. Baffanku ba a shirya masa ba, don ba wanda ya sani.

3. Wannan ya kamata ya zama na ɗaya, kuma shi ne ya hana ni sukuni. 'Yar Baffanku tana da ciki, watan haihuwarta ya kama ko ya kusa, kuma ba ta san komai a kan wannan ba. Likitar ta ce mace mai irin wannan zuciya, lokacin haihuwa da watannin jego su ne aka fi jin tsoro, balle in abin ya kai ga tiyata. Za a yi mata tambayar da aka yi mini, kuma na san amsar da za ta bayar, don jininmu ce, tarbiyyarmu ce.

Gola da Auta, ku ba ku da wayo lokacin, to ku ji yadda aka yi. Baffanku ya faɗo daga tsani ya karye a hannu. Gwaggonku ta ce a kai shi wurin mai ɗori. Matarsa, Antinku, ta ce asibiti, kuma ita ta sa hannu a takardar aiki. Aka sa shi barci don a sa masa ƙarfe, zuciyarsa ta tsaya. Tun a wurin zaman makoki Gwaggo ta ce Anti ce ta kai shi aka kashe shi. Anti tana gama takaba ta kwashe 'ya'yanta, ta canza lamba, ba ta ƙara taka gidan kowa a cikinmu ba. Yanzu ga shi ya fito fili: matar nan ba ta yi komai ba sai abin da mai hankali zai yi. Abin a jikinsa yake tun ranar da aka haife shi.

Kafin a kwantar da ni na je shagonta na ɗinkin labule da ke kusa da tasha. Mai gyaran waya na tarar a ciki. Ya ce ta daɗe da tashi, ya ji an ce tana layin masu labule na babbar kasuwa, amma bai tabbatar ba. Na je layin, na bi 'yan shaguna, ciwon ya murɗe ni, mai adaidaita sahu ya kawo ni gida. Kullum sai in ce da na ƙara shago ɗaya. Wataƙila na wuce ta ma ban gane ta ba.

4. Gwaggonku tana da lambar mijin yarinyar. Ya taɓa zuwa ya gaishe ta, daga bakinta ma na ji zancen cikin. Na roƙe ta a waya, na roƙe ta a nan da ta zo dubiya. Ta ce ba da ita za a je a gaya wa surukai cewa 'yar ƙaninta tana da ciwon gado ba, a ɓata wa yarinya zama. Wannan tsoron na gaskiya ne, kada ku raina shi. Amma ina ganin akwai wani a ƙarƙashinsa: in ta yarda da maganar likita, to ta yarda ke nan ta ɗora wa baiwar Allah laifin kisa shekara da shekaru a banza. Wannan ba ƙaramin kaya ba ne ga mace mai zuciya irin tata. Ita ta goye ni, ita ta goyi Baffanku. Kada ku yi mata rashin kunya, kada ku ce mata ai ga shi nan. Ku durƙusa ku gaishe ta, ku nuna mata takardar gwajina da ta Gola, ku ce mata ita ma likita tana son ganinta da 'ya'yanta. Ban sani ba ko hakan zai yi. Ni dai nawa lallashin bai ci ba, ƙila don na cika kawo hujja.

5. Gola, taka takardar ta nuna irin tawa. Na san ka ji, na kuma ga yadda ka fita daga ɗakin likita ba ka kalli kowa ba. Faɗuwar da ka yi a raga bara, da alƙalin wasa ya busa usur a bayanka, muka ce rana ce da rashin karyawa, ba rana ba ce. Ka sha ƙwayar maganin da likita ya ba ka kullum, ko ka ji garau, musamman ma in ka ji garau. Ka dakata da gasa da iyo har likitan zuciya ya yanke magana. Ban ce ka bar ƙwallo har abada ba, don ban sani ba, kuma ba na so in hana ka abin da likita zai iya bari. In amai ko gudawa ya kama ka, asibiti kai tsaye, don suna zubar da gishirin nan. Kada ka sayi magani a kemis, ko na zazzaɓi, ko na tari, ba ka nuna katin da aka ba ka ba. Abokanka za su tsokane ka. Ka bar su, ai su ma ƙwallo bakwai suka bari aka zura maka.

6. Babba, taki ta fito lafiya, amma an ce gwaji ɗaya ba ya wanke mutum. Ki koma. Auta ba a yi mata ba saboda jarrabawa, a kai ta cikin makon nan, kada a jira ni. Kuma duk wanda zai aure ku, a gaya masa tun da wuri. Wanda ya gudu saboda wannan, ya rage muku aiki.

7. A cire ƙararrawar ƙofar gida. Ni na haɗa ta da hannuna, na yi ta alfahari ana jin ta har bakin titi, Mamanku tana cewa wata rana sai ta tsinka wa wani zuciya. Ashe ba wasa take ba. Agogon nan mai kururuwa na ɗakin Gola ma a fitar da shi. A riƙa tashinsa da hannu, a hankali.

8. Akwai masu bincike a asibitin nan da suke nazarin waɗannan ƙofofi. Sun nemi jinina na ba su, na sa hannu da yardata. Sun ce in sun gano ainihin ƙofar da ta sami matsala a jikina, gwada sauran dangi zai zo da sauƙi. Sakamakon zai ɗauki lokaci. Ko ina nan ko ba na nan, ku je ku karɓa, ku yi kwafi, kowane gida a cikin dangi a kai masa. Sun tambaye ni ranakun da aka yi waɗancan rasuwa da faɗuwa, na sa aka kawo mini littattafan da nake rubuta abin da ya faru kullum. Na duba, na tarar na rubuta ranar da aka ɗauke wuta, da injin da ya ƙone, da wanda ya zo shago. Abin da suke nema babu. Littattafan naki ne, Babba, in kin ga suna da amfani. In babu, Auta ta yi zane a bayansu.

9. Gado yana da ƙa'idarsa, Allah Ya riga Ya raba, ba zan tsoma baki ba. Abin da ke wuyana na mutane ne. Injin kwaɓa fulawa na mai gidan burodi yana kan benci, na warware tsohuwar wayar ban naɗa sabuwa ba. A kai wa abokin aikina na ƙarshen layi ya ƙarasa, adadin zagayen yana rubuce da alli a jikin murfin, kada a goge. Fankoki biyu da ke bayan ƙofa an gama, masu su za su zo. Tsanin da ke bayan gida na maƙwabcinmu mai fenti ne, ya daɗe har ya zama kamar namu, a mayar. Mitar awon wuta da akwatin kayan aikina na riga na ba Gola kyauta a gaban Mamanku. Rediyon shago na Auta ne, ita kaɗai ta san inda ake bugunsa ya yi magana.

10. Mamanku ta yi haƙuri da mutumin da yake duba kulle ƙofa, ya dawo, ya sake komawa ya duba. Kada ku bar ta ta ɗauki komai ita kaɗai. Ba za ta ce ta gaji ba, ku dai ku lura.

Yanzu ga abin da nake so a yi jibi, kuma ban yarda a canza ba. Na san niyyarku ku jeru a bencin nan na ƙofar ɗakin tiyata tun safe. Zamanku a can ba zai ƙara mini komai ba. Ina da likitar da ta san zuciyata, ina da allo, ina da Allah. Mamanku da Auta sun isa. Babba da Gola, ana tura gadona ku kama hanyar gidan Gwaggo. In ta ba da lambar, ku kira a gabanta. In ta ce za ta bi ku, ku tsaya ta sa mayafi ko da za ta ɓata muku lokaci, don zuwanta ya fi lambar. In ta hana, ku yi mata sallama da ladabi ku wuce layin masu labule, shago bayan shago, har ku sami Antinku. Ku gaishe ta, ku ce ni na aiko ku, ku ce dangin mijinta sun san yanzu ba ta da laifi. Ko ta kore ku, kada ku taho sai takardar gwajina ta shiga hannunta, ta kuma ji da kunnenta cewa a nuna wa masu karɓar haihuwa kafin a sa wa 'yarta ko da allura ɗaya. Kada a kira ku a waya a ce ku dawo saboda ni, ko wane labari ne. In na farka, abin da zan fara tambaya ke nan. In ban farka ba, ku ƙarasa, sannan ku zo.

Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Allah Ya yi muku albarka, Ya raya ku, Ya ba ku masu jinƙanku. Allah Ya sauki 'yar'uwarku lafiya, Ya sanyaya zuciyar Gwaggo da ta Anti. Ku riƙe juna, ku riƙe 'ya'yan Baffanku, kada a ƙara samun gida a cikin danginmu da ba a san ƙofarsa ba. In an yi suna, ku je dukanku, ku tafi da Gwaggo.

Mahaifinku.