Nura da ƙwayar zarra

Daren Laraba, Dutsin-Ma

Yanzu na dawo daga Kurfi. Jikina duk ciwo, amma hankalina ya kwanta. Tun da Baba ya kira ya ce ƙanena Nura yana cewa babu gaskiya ɗaya, kowa da tasa, abinci ya ƙi shiga. Ya ce, "Ke kike koyar da fiziks, ki zo ki ji."

Ashe bidiyon wasu masu falsafa Nura ya kalla, wai ilimin kwantum ya nuna ƙwayar zarra ba ta da tabbas, don haka addini ma ra'ayi ne. Na ce, "Nura, rashin tabbas ɗin nan auna shi ake yi. Ka auna a Kurfi, wani ya auna a Sin, lissafinku ɗaya. Ina kowa da tasa a nan?" Ban ce fiziks ya tabbatar da imani ba, wannan ba aikinsa ba ne.

Can ya ce, "Yaya, ban bar salla ba. Tsoro ne ya kama ni, na rasa wanda zan tambaya."

Baba bai yi faɗa ba. Ya dafa kafaɗarsa, ya ce, "Gobe ma ka tambaya."