Bashin da Bai Zo Zaman Makoki Ba

Zuwa ga Malam, maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Da hannuna nake rubuto maka, albarkacin makarantar matan auren nan da ka yi ta tura ni ina noƙewa. Ina so ka ji labarin gidanmu na Tudun Wada daga bakina.

Ranar da aka kai ka makwanci, ƙaninka Isiyaku ya miƙe a ƙofar gida ya yi shela, duk mai binka bashi ya fito. Mai nama ya zo, ya ce ya yafe. Aka sake shela, shiru. Muka yi hamdala, muka ce ka tafi fes. Ba wanda ya tuna cewa banki ba ya zuwa zaman makoki.

Na san ka ci rance ka sayi injin niƙa. Ban san takardun gida ka ajiye musu jingina ba.

Bayan na fita takaba, takardarsu ta iso. Na zauna a bakin rijiya ina haɗa baƙaƙe har na gane: sun ba da wa'adi, in ya cika ba a biya ba, za su yi gwanjon gidan. Isiyaku ya ce, “Ke dai yi shiru, wa zai kori marayu?” Ni kuwa abinci ya daina shiga. In na dubi yara suna wasa gindin lemon da ka dasa, sai in rasa inda zan kai su.

Ɗiyar Hajiya maƙwabciyarmu, wadda ta zama lauya, ita ta zaunar da ni. Ta ce bashin yana kan gidan, ko kana raye ko ba ka, kuma shiru ƙara shi yake yi. Ta ce a gwanjo karya farashi ake yi, gara mu roƙi banki mu kawo mai saye da kanmu. In sun cire nasu, ragowar ta magada ce.

Malam, na shiga bankin nan da kaina na roƙe su. Sun yarda.

Wadda ta saya Mama Rahila ce, tsohuwar nas daga Wusasa. Mace mai bin diddigi! Sai da ta je ofishin filaye aka duba takardu, ta sa duk magada suka sa hannu, kuma ta ce kuɗinta banki za ta kai, ba hannun kowa ba. Da ta ga kayan makarantar yara a kan igiya, ta ce, “Ku zauna har su gama zango, ni ban shiga gida kan kukan yara.”

Banki ya cire nasa, da ragowar muka sayi wani gidan. Yanzu muna Dutsen Abba, ɗaki biyu da tsakar gida, da sunan 'ya'yanka. Injin yana zaure yana ciyar da mu. Lemon ya zama na Mama Rahila, amma tana aiko mana.

Kakan ce mai bashi ba ya miƙe ƙafa, ko a kabari. Wannan ya dame ni fiye da rasa gidan. Juma'ar da ta wuce na sa Isiyaku ya sake shela a masallaci. Aka yi shiru, kuma wannan karon shirun na gaskiya ne.

Miƙe ƙafarka, Malam.

Allah ya yalwata maka makwanci, ya raya mana yaran nan, ya haɗa mu a gidan da ba a jinginarwa. Amin.

Taka har kullum,
Uwar yaranka