Kukumarka Ta Biyo Mu Kwalalamfa

Hauwa, sauke tukunyar nan ki zo ki rubuta min yanzun nan, kafin zuciyata ta karaya. Yadda na faɗa haka za ki sa.

Assalamu alaikum Malam. Gaisuwa mai yawa daga iyalinka, da fatan Allah ya kai haske makwancinka. Hauwa matar ɗanmu Dakta ce take rubutawa, ka san ni ko alif ban iya ba.

Malam, na yi ɓarna. Abba mai sunanka, ɗan Dakta, wanda ubansa yake zaton lesin yake zuwa ran Asabar, ashe jita yake kaɗawa. Jiya bayan la'asar ya ja ni wani shago a unguwar Brickfields, wai in zo in ji angona. Su huɗu ne. Ba'indiye a ganguna, wani ɗan ƙasar da jita mai ƙatuwar murya, wata 'yar Chana tana waƙa kamar an mata mutuwa. Wai bulus rok.

Da suka fara, ƙasa ta ɗauki rawa. Gangar nan ba a kunne nake jin ta ba, a haƙarƙarina. Na kama carbi ina neman ƙofa. Sai duk suka lafa, suka bar Abba shi kaɗai. Ya sa wata 'yar kwalba a yatsa ya goga wa tsirkiya, abin ya yi kuka, ya ja, ya ja. Ya karkatar da kai hagu, ya ciji leɓe.

Kai ne, Malam. Kai ne a ƙofar gidanmu da kukumarka, kafin Baba ya ce sai ka ajiye ta zai ba ka ni. Ka ajiye. Ka ce min, "Kar yara su sani." Har ka koma ga Allah yatsunka suna motsi a kan gwiwa in kana zaune, ina gani ina kau da kai.

Ban san na rangaɗa guɗa ba. Ban san na hau dandamalin na liƙa masa ringit a goshi ba. Mutane suka yi ta tafi, suka ɗaga wayoyi. Yanzu Hauwa ta ce duk 'yan Najeriyan unguwar Danau Kota sun gani.

Gobe Dakta zai dawo daga tafiya. Ka san zuciyarsa. Zai karya jitar nan, ya tura yaron Kano, yaron da ko Hausa bai gama iyawa ba. Ina tsoron ɗan da na haifa, Malam. Abu ɗaya ne zai sanyaya shi, kuma shi ne ka hana ni faɗa.

Ka yafe min, zan faɗa. An raba hannu ɗaya da tsirkiya saboda ni, ba za a raba na biyu ba. Allah ya jiƙanka, ya haɗa mu inda ba rabuwa.

Taka, Uwani.

Hauwa, kar ki tura wa kowa tukuna, ko Abba. Kira min Dakta. Shi zai fara ji, daga bakina.