Ɗan Farina Ya Fi Kowa Ƙwallo, Bakina Ya Kasa Faɗa

Wani malamin makaranta daga ƙasar Tambuwal ne ya aiko wa zauren masu karatu da wannan, ya roƙi a sakaya sunansa.

Salamu alaikum jama'a, da fatan kuna lafiya. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya sha mini kai, kuma duk wanda zan iya tambaya a garin nan da shi a cikin maganar.

Ni malami ne a makarantar En'e, lissafi nake koyarwa, da la'asar kuma ni ke riƙe usur a filin ƙwallo, ba don na fi sauran malamai ba, sai don na taɓa bugawa ina Midil kafin gwiwata ta ce ta gaji. Kwanakin baya wani Baturen kamfanin sayen gyaɗa na Gusau ya biyo ta nan da akawunsa, za su Yawuri. Kamfanin yana da tim, suna bin makarantu suna tsintar yaran da za su gama bana, wanda aka ɗauka a ba shi aikin awo a sito, da yamma ya buga musu. Mutum ɗaya suke so daga wurinmu, ɗan tsakiya mai raba ƙwallo. Baturen ya ce shi wasa ɗaya zai gani, ni kuwa na daɗe ina kallonsu, saboda haka bakina zai bi.

Yara biyu ne ake magana a kansu. Akwai Garba, ɗan Dogon Daji, yaro mai natsuwa, in ya ba ka fasin ko ba ka iya ba sai ta same ka a ƙafa, amma gudu ba nasa ba ne, inda ka bar shi nan za ka dawo ka tarar da shi. Sai ɗayan, wanda muke ce wa na Kebbe. Shi wannan abu biyu yake yi a lokaci guda. In 'yan ɗaya ɓangaren suka ja baya suna tare abokansa, sai ya ɗauki ƙwallo ya ratsa su da gudu, in suka taso masa su biyu su uku, sai ka ga ya cilla ta ga wanda suka bari, kamar yana da ido a ƙeya. Masu tsaron baya ba su san abin da za su tare ba. Hedimasta yana cewa irin waɗannan ba sa daɗewa, ƙattin birni za su karya shi tun kafin gyaɗar bana ta ƙare, gara mai tsayawa wuri ɗaya ya raba. Na ji, ba ƙarya ya yi ba, yaron ma yana da nasa, hagunsa ba ta nuna ba, wani lokaci kuma yakan riƙe ƙwallo fiye da kima. Amma tsakanina da Allah ban taɓa koyar da kamarsa ba.

To ga inda matsalar take. Na Kebbe ɗana ne, ɗan farina.

Ku da kuke nesa wataƙila ba za ku gane ba. Mu gidanmu noma ne da kiwo tun kaka da kakanni, kuma a wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya yabonsa, ba ya nuna ya san da zamansa a gaban mutane. Ana yaye shi aka kai shi Kebbe wurin yayana, can ya tashi yana bin maruƙa, can ya samo gudun nan. Da ya zo makaranta Malam yake ce mini kamar kowane yaro. Ko a fili in zan kira shi sai in ce kai na Kebbe, haka sunan ya bi shi.

Ranar gwaji gari ya fito, har wakilin hakimi an kawo wa kujera. Yaron nan ya yi abin da ya saba, ya ci da kansa, ya kuma ba wasu sun ci. Da aka tashi Baturen ya kira ni gaban jama'a, akawu yana fassara, ya ce wanne. Wallahi na buɗe baki da niyyar faɗin gaskiya, sai na ga dattawan garin duk ni suke kallo, na ce Garba. Baturen ya nuna mai jar riga ya ce wancan fa, yaya sunansa. Na ce wani yaro ne daga Kebbe, yana da ƙoƙari, amma ya cika riƙe ƙwallo. Yaron yana tsaye kusa da mu yana shan ruwa, babu abin da bai ji ba. Wani tsoho ya dafa ni ya ce, "Wanga malami ɗan mutane na, ya san kunya." Baturen bai san ɗana ba ne, abin da ya ce kawai shi ne in ƙara dubawa, in sun dawo daga Yawuri ranar kasuwa mai zuwa zai sake kallon yaran, in ba shi magana ta ƙarshe.

Tun ranar ban huta ba. Uban Garba ya tako daga Dogon Daji da zabbi a hannu, ya durƙusa yana sa mini albarka, har ya fara neman wanda zai ɗinka wa yaron riga ta shiga birni. Yayana kuwa labari ya kai masa Kebbe, ya zo ya yi mini tas, ya ce shi ya raini yaron, kuma ba don in zubar masa da rabo ya ba ni shi ba. Na ce to Yaya ka je ka faɗa wa Baturen da kanka, ya ce, "Ni mi ni sani ga ƙwallo? Kai anka tambaya." Ya kuma ƙara da cewa in na kuskura na kira sunan a gaban jama'a, kada in sa ran zai tsaya mini. Kun ji fa, a yi kuma kada a yi. Na roƙi hedimasta ya yi magana a madadina, ya ce shi tun farko Garba ya zaɓa. Matata uwar yaron kuwa, ita kunyarta ta fi tawa, sai dai na lura in ta kawo mini tuwo ba ta zama.

Abin da ya fi cina shi ne yaron da kansa. Bai yi fushi ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Washegarin gwajin ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya saba, ya ce, "Malam, na ji gyaran da kac ce, in Allah ya so ni daina." Kuma ya daina. Yanzu ƙwallo na taɓa ƙafarsa yake rabuwa da ita, ko fili ya buɗe a gabansa babu kowa ba ya motsawa, sai ya waiwayo ya dube ni ko na gamsu. Ya zama Garba na biyu, kuma bai kai Garba ba a wannan. Jiya na so in ce masa ka yi gudunka, babu wanda ya iya irinsa, na hura usur na kira shi, ya zo, na ce ya je ya ɗebo wa yara ruwa.

Har na fara zargin idona, ko idon malami ne ke ganin ya fi, ko na uba. In na tsaya a kan Garba na ci amanar Baturen da ya yarda da bakina, ɗana ya koma bin shanu yana ganin bai iya ba. In na canja, na karya zuciyar yaron da bai yi mini komai ba, garin nan kuma ya ce malam ya tsallake ɗan wani ya kira nasa, da suna, a bainar jama'a. In ma na yi shiru Baturen zai zo ya kalli abin da na mayar da yaron, ya ce ashe gaskiya na faɗa.

Jama'a yaya zan yi? Akwai wanda ya taɓa yabon ɗan farinsa a gabansa ya kuma ci gaba da zama cikin mutane? Ta ina ake farawa? Kasuwa ta matso, kuma kun gani da idonku, ko a nan da babu wanda ya san ni na kasa rubuta sunansa.