Humra a Ɗakin Ƙwari

Juma'a, 3 ga Oktoba, 2025
Na je Tarauni kai wa Baba turarensa. Na wancan watan yana kan taga, ko wuyan kwalbar bai sauka ba. Wai yanzu sai zai je masallacin Juma'a yake shafawa, in ya dawo ya sake wanka, don ƙamshi yana rikita ƙwarin Safiya. Ƙwari fa! Autarmu ta cika ɗakin marigayiya Inna da kwalaben wake mai ƙwari, wai aikin digirinta na biyu. A ɗakin nan Inna ta koya mini soya farcen turare da haɗa humra. Yau a bakin ƙofa aka tsayar da ni: "Yaya, don Allah daga nan."

Talata, 7 ga Oktoba
Ta taga Safiya ta yi mini bayani. Macen ƙwaron wake tana fitar da wani ƙamshi da hancin mutum ba ya ji, namiji ya biyo shi. Feromon take ce masa. Tana da bututun gilashi mai baki biyu kamar gwafa: ɓangare ɗaya iskar da ta ratsa ta kan matan, ɗayan iska zalla. A saki namiji a gindi, a ga inda zai bi. Baba ne mai riƙe agogo, yana rubuta dama ko hagu.

Wai dangin ƙwarin nan kusan kayan haɗin ƙamshinsu ɗaya, awon ne ya bambanta a hankali cikin dubban shekaru, har namijin wannan ya daina kula macen wancan. Baba ya ce, "Ikon Allah!" har sau uku. Shekarata goma sha biyar ina faɗa masa ƙamshi a awo yake, ba a kayan haɗi ba. Ban taɓa samun ikon Allah ko ɗaya ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba
A da ni Baba yake kira hancin gidan nan. Na ji yana ce wa maƙwabcinmu Malam Markus, "Safiya tana jin abin da hanci ba ya ji." Haushi ya hana ni cin abinci.

Juma'a, 17 ga Oktoba
Baba yana masallaci, Safiya tana makaranta. Na shiga. Ɗakin uwata ne ai. Ban zuba komai ba, ban fasa komai ba. Audugar bakin bututun kawai na taɓa, da murafun kwalaben. Da hannun da na gama juya humra da safe. Na san ban wanke ba.

Litinin, 20 ga Oktoba
Safiya ta kira tana kuka. Mazan sun ƙi bin ko'ina, sai zagaye suke a tsakiyar bututu. Matan da ta ware ɗaya-ɗaya tun suna ƙwai, don kada namiji ya kai gare su, kwanansu kaɗan ne, sun fara mutuwa. Sai ta sake kiwo daga farko, malaminta kuma ƙarshen Nuwamba ya ba ta. Ta ce ta ɗaga wa Baba murya, ita da ko ido ba ta haɗawa da shi. Wai bai yi wanka ba bayan masallaci. Ya ce, "To, laifina ne."

Na zaci zan ji daɗi.

Laraba, 22 ga Oktoba
Baba ya zo gidana a Gyaɗi-Gyaɗi a adaidaita, shi da gwiwa ta hana shi zuwa ko'ina in ba masallaci ba. Ko ruwa bai sha ba. Ya ce, "Humrar Innarku ce, mai farce da yawa. Mutum biyu suka iya ta, ɗaya tana kabari." Na kasa ɗago kai. Ya ce bai faɗa wa Safiya ba, kuma ba zai faɗa ba. Sai da ya kai ƙofa ya ƙara da cewa idonsa ba ya ganin ƙwan da ke jikin wake, yarinyar kuma ita kaɗai ce.

Alhamis, 23 ga Oktoba
Ban ɗora tukunyar turare ba yau.

Asabar, 25 ga Oktoba
Wanka biyu da sabulu marar ƙamshi. Atamfar da ba ta taɓa hawa kabbasar turara kaya ba, sai da na tono ta a ƙasan akwati.

Tun ina amarya, ko sallama ban yi ba Baba zai ce, "Bilkisu ce." Yau na tsaya a bayansa ya fi minti biyu yana tsince wake, bai waiwayo ba. Abin ya yi mini ciwo. Sai da na yi sallama ya juyo, ya shaƙi iska, ya dube ni. Ya matsa mini a kan tabarma.

Wake mai ƙwai ɗaya tak ake so, kowanne a kwalbarsa. Na tsince ɗari da arba'in, Safiya saba'in. Ta ce, "Yaya, ina kika samu wannan hannu?" Na ce a ɗakin nan. Gobe zan faɗa mata abin da na yi, kada Baba ya ci gaba da ɗaukar kayan da ba nasa ba.

Kwana ashirin da biyar kafin sababbin ƙwarin su fito. Na sa alama a kalanda. Ba wai na damu da su ba.